Ba Cikin Fushi Na Dake Shi Ba

Assalamu alaikum Anti, tare da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke min hukunci sai kun kai ƙarshe.

A Funtua nake zaune, ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga. Ni mutum ne mai baƙar zuciya, bakin da na fasa ban san iyakarsa ba, matata ma ta sha yin yaji saboda mari. A wurin aikinmu akwai wani dattijon injiniya ɗan Sri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Ran da ya ga na shaƙe wani direba, sai ya ja ni gefe ya ce da gurguwar Hausarsa, "In fushi ya zo kar ka bi shi. Ka lura da numfashinka har ya wuce." Ya ce a birninsu haka suke yi a cunkoson motoci da layin asibiti, kuma sharaɗin shi ne kada ka cuci ko tururuwa. Sallata ban bari ba, numfashin kawai na ɗauko, sharaɗin kuwa na bar masa abinsa. Abin ya yi aiki. Mai adaidaita ya zage ni a bakin tasha, in yi murmushi in wuce. Har rabon faɗa aka fara kirana a unguwa.

Muna da gonar gado wajen Malumfashi, iyakarta gamba ce da kakan kakanmu ya dasa. Bana ɗan baffana, in kira shi Sale, ya tumɓuke gambar ya ci min kunyoyi. Da na yi magana gaban dangi sai ya ce, "To sarkin haƙuri, ka haƙura mana!" Aka kwashe da dariya. Na ja numfashi, fushin ya wuce, amma niyyar ramuwa ba ta wuce ba.

Da rana tsaka na same shi duƙe cikin masara. Ta baya na sauke masa ƙotar fartanya a ƙeya, na ƙara, na kuma ƙara a gadon baya har na ji wani abu ya karye. Wallahi hannuna bai yi rawa ba. Jini na bin kunyar masara, ni ina jin iska tana shiga hancina tana fita. Da, in na daki mutum nakan ce zuciya ce ta ɗebe ni. Wannan fa? Wa zan ɗora wa? Kunyar kaina ta hana ni haɗa ido da dattijon injiniyan nan.

Ba wanda ya zarge ni. Wani makiyayi da aka gani kusa da gonar shi 'yan sa-kai suka kama, suka karya masa hannu, yana tsare. Sale ya farfaɗo a asibiti, ƙafafunsa ba sa motsi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ka yafe min maganar gambar nan."

Yanzu samarin ƙauyenmu sun tanadi fetur, sun ce gobe bayan Juma'a za su ƙone rugar su makiyayin, kuma akwai mata da yara a ciki. Ɗazu Baffa ya kira ni yana kuka, ya ce, "Kai za ka tsaya gabansu ka ba su baki, kai kaɗai suke jin maganarka."

In na ba su haƙuri kawai, ba lallai su ji ba. In na faɗi gaskiya, rugar za ta tsira, amma fetur ɗin yana hannunsu kuma ni ne a gabansu. Jama'a, me zan yi?