Daddawar Inna

Zuwa ga ƙanena Attahiru a Ƙonni,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya fatauci, yaya zama a ƙasar Faransa tun da Nasara suka kafa iyaka tsakaninmu? Malam Maccido ne ke rubuta mini wannan.

Na zo Illela duba Inna, na tarar da abin da ya tsaya mini a rai. Matarka Bilki na tsugune gaban murhu, Inna na riƙe da hannunta tana nuna mata yadda ake daddawar batso: yawan ruwan tokar da za a zuba wa 'ya'yan yakuwa, da kwanakin da tukunya za ta yi a rufe. Har dariya suke yi! Bilkin da ta zo gidanmu ba ta san komai ba sai dama fura.

Ni fa 'yar fari ce. Saboda kunya Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ana yaye ni aka kai ni Tozai wurin Goggo. Tuwon Goggo na iya, miyar Goggo na iya, hannun uwata ne ban samu ba. Da na matsa kusa da murhun in gani, sai Inna ta juya baya ta shiga ɗaki. Wallahi kishin matarka nake yi, ban ɓoye maka ba. Inna ta tsufa, ina tsoron daddawar nan ta wuce ni.

Yayarka,
Hadijatu

Zuwa ga Attahiru,

Bayan gaisuwa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna.

Ranar da aka share makoki na koma Tozai. Kwana uku sai ga Bilki a ƙafa, da tsohuwar tukunyar Inna a ka. Ta ce tun ranar farko Inna ta gaya mata ba don ita take koya mata ba, ajiya ce za ta kai wa "waccan ta Tozai". Kwana tara muka yi tana koya mini, sau biyu ina ɓatawa. Jiya na buɗe tukunya, warin gidanmu ya cika tsakar gida, na zauna na yi kuka.

Kada ka ce kishin ya wuce. Na samu daddawar, amma Bilki ce aka riƙe wa hannu.

Ka gaida abokan tafiyarka.

Yayarka,
Hadijatu