Abin da Dariya Ta Rufe

Zuwa ga maƙwabciyar raina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya tashi,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka sani da surutu, amma yau ya koma magana da takarda. Shekara goma sha uku ina yi miki magana da kalmomin da wasu suka rubuta mini. Wannan ce takarda ta farko da na rubuta da kaina, don haka idan kin ga ta karkace, ki yi haƙuri, babu wanda ya duba mini ita.

Na san kin kalli kashin da aka nuna ranar Talata, na bankwananki da shirinmu na talabijin. Duk gari ya kalla. Mai kayan miya na bakin layinmu ya tare ni da safe yana riƙe da ciki, wai bai taɓa ganin na ba da dariya irin ta ranar ba. Ƙanwata ta bugo waya tana cewa har shaƙewa ta yi. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta kan tabarau, ta ce in je in wanke fuskata, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ya hasken safiyata, kin tuna yadda muka fara? Ƙofa biyu na katako da aka shafa wa shuɗin fenti, suna kallon juna a ƙarƙashin fitilun sutudiyo. Ni Mai Gyara, wanda duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Ke Nas, maƙwabciyar da ke dawowa daga aikin asibiti ta tarar na kwance mata fanka. Kowane mako sai kin wanke ni tas, ki buga ƙofarki, agogon bangona ya faɗo. Sau ɗari shida da wani abu agogon nan ya faɗo, ban taɓa gajiya da ɗaukarsa ba, domin na san kina bayan katakon kina danne dariya da bayan hannu. Ina ganin gefen takalminki ta ƙarƙashin ƙofar. Wa ya san wannan ban da ni? Wa ya san kina sa cokali ɗaya da rabi na sukari a shayi, ko kina taɓa kunnenki na hagu idan kin manta layinki, don in ja zancen har ki tuno?

Na so ki tun shekara ta biyu. Ga shi na faɗa, rufin ɗaki bai rufto ba. Na so ki kamar yadda shuka ke karkata wajen taga ba tare da an ce mata ga rana ba. Amma ni matsoraci ne mai sa'ar iya ba da dariya. Duk lokacin da maganar ta taso mini har bakin leɓe, sai in juya ta ta koma wasa, ke ki harare ni, a wuce wurin. Na riƙa ce wa kaina akwai mako mai zuwa. Ashe makonni ma ƙarewa suke yi.

Da kika sanar cewa za ki bar shirin ki koma kusa da Mamarki saboda jikinta, kowa ya rungumi zancen da fatan alheri. Ni ma na ce Allah ya ba ta lafiya, har na ƙara da cewa yanzu fankar unguwa za ta huta. Aka yi dariya. Na shiga ɗakin canza kaya na zauna a kan akwatin takalma, na fi rabin awa ban san me nake kallo ba.

Kin san abin da aka rubuta mini a fitowar ƙarshe. Za ki fito da akwati, in ce ki bar mini mabuɗi zan gyara miki ƙofa kafin ki dawo, ki ce gara ki bar wa gara. Shi ke nan. Na haddace shi tsaf. Amma da na ga akwatin nan a hannunki, duk da na san babu komai cikinsa sai tsofaffin jaridu, sai ƙirjina ya riga bakina. Na ce kada ki tafi. Na ce shekara goma sha uku ina ɓata kaya ne don ki fito ki yi mini faɗa, domin faɗanki ya fi mini gaisuwar kowa. Na ce idan ƙofar nan ta rufu ban san wanda zan zama ba. Wallahi babu harafi ɗaya a ciki da yake na Mai Gyara. Ni ne, da ainihin muryata, a gaban mutum talatin.

Darakta ya tsayar da ɗauka yana tafi, ya ce ba za a sake ba, wannan ta yi. Kika cire makirufo daga wuyan rigarki, kika miƙa, kika bi Yayanki zuwa mota ko kek ɗin da aka yanka miki ba ki taɓa ba. Ranar Talata kuma na ji abin da aka yi da maganata. Ina rufe baki sai ga dariya ta ɓarke a kai, dariyar nan ta faifai da muke kira lamba huɗu, mai ƙarewa da shewar wata mata da ba mu taɓa gani ba. Zuciyata ce a shimfiɗe, aka zuba mata lamba huɗu!

Jiya da hantsi na tafi ɗakin haɗa sauti da niyyar in ci mutuncin dattijon nan mai zuba wa shirinmu dariya. Ya bar ni na gama zazzaga masa, yana goge tabarau da gefen riga. Sannan ya ce in zauna, ya mayar da hoton baya, ya ce in kalli kaina. Na kalla. Ya farin watan da nake duba, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina gama faɗin maganar da ta fi kowace gaskiya a rayuwata, sai ga wuyana ya juya da kansa wajen kyamara ta biyu, gira ta ɗage, baki ya saki, na tsaya cak ina ƙirga uku a zuci. Gurbin dariya. Abin da aka koya mini tun ranar farko: ka faɗi layinka, ka ba kyamara fuska, ka bar wa dariya wuri. Jikina ya yi aikinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Dattijon ya ce shi bai ƙara komai ba, gurbi na bar masa ya cike, kamar kowane mako.

Ashe abin da kika gani ke nan. Namiji ya ce kada ki tafi, sannan ya juya miki ƙeya yana yi wa duniya gatsine. Da me zan kare kaina? Wace mace ce za ta ɗauki wannan da gaske?

Ban gama haɗiye wannan ba sai ya ce akwai saura. Ya sauke lamba huɗu, ya ɗaga layin makirufonki shi kaɗai, ya ɗora mini abin saurare a kunne. Cikin ƙirga ukun nan da nake kallon kyamara, na ji numfashinki ya sarƙe. Sannan na ji muryarki, ƙasa-ƙasa, ba muryar Nas ba, taki ta gaske wadda kike gaida Mama da ita a waya. Kika ce, “Sai yau?”

Kalma biyu. Taku uku ne tsakanina da ke, ban ji ba, domin ina can ina jiran dariyar mutanen da ba su ma cikin ɗakin. Na sa ya maimaita mini har sau bakwai. A na bakwai dattijon ya tashi ya ce zai je shan iska, ya ja mini ƙofa.

Tun jiya nake cikin wani hali. Na yi murna, domin wanda bai taɓa jira ba ba ya tambaya haka. Na kuma ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, domin na gane tsawon jiran da na sa ki, da yawan ranakun da kika ba ni dama na mayar da su wasa. Shekara nawa kina tsaye bayan katakon nan kina sauraron ko zan ƙwanƙwasa? Sau nawa kika koma gida kina cewa wannan mutumin ba zai taɓa girma ba?

Ga amsarki, ko da ta zo a makare. Eh, sai yau. Ba ni da hujja, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ba kuma zan ce ki fasa tafiya ba, Mama ta fi ni buƙatarki, kuma da kin zauna saboda ni da na raina kaina. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Na san motarku ranar Lahadi za ta tashi. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zan zo ƙofar gidan Yaya, in ƙwanƙwasa sau ɗaya. Idan ba ki buɗe ba, zan juya, ba zan dame ki ba, kuma ba zan ga laifinki ba ko a zuci. Idan kin buɗe, zan sake faɗin abin da na faɗa, idona cikin naki. In kin amince, nisan garin Mama ba zai gagare ni ba. An ce za a kawo sabuwar maƙwabciya a zango mai zuwa, har an sake wa ƙofarki fenti. Na gaya wa darakta ya fara neman wanda zai riƙa ɗaukar agogo.

Ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba, ke ce, kuma ke ce har in daina numfashi. Amma ina roƙonki da girman Allah, ya sanyin idona, ki buɗe. Wannan karon idan na gama magana ba zan juya ko'ina ba. Zan yi shiru in saurare ki.

Naki, jiya da yau da sauran abin da ya rage mini,
Maƙwabcinki na ƙofar hagu