Kai Ka Ce Tsawonsa Arziki Ne

Zuwa ga Malam Koci, mai horas da ƙungiyar ƙwallon kwandon da ta ɗauki ɗana Lawali.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yaran da ke hannunka, bari in tuna maka ko ni wane ne, don na ga alamar ka manta. Ni ne Umaru Dogo na Alelu, ƙasar Jega, tsohon da ka zauna bisa tabarmarsa rani biyu da sunka wuce, ka sha fura ka ce a ƙaro. Ban yi boko ba. Surukina malamin makaranta shi ke riƙe da biro, na kuwa ce mishi duk inda ya sassauta mini magana Allah na ganinsa. Na so a yi wagga magana daga ni sai kai, amma an kira wayarka har an gaji. Tunda a rediyo ka zaɓi ka faɗi taka, ni ma ga tawa a fili.

Na ɗaya, yadda labarin ya same ni. Ranar kasuwar Jega ina zaune a rumfar mai sayar da taki, rediyo na ta surutun wasanni, abin da ban saba saurare ba, sai na ji muryarka. Ka ce bana za ka sake tsari. Ka ce a cikin mutum biyar ɗin da ke shiga fili za ka riƙa zuba gajeru masu zafin nama, waɗanda za su yi ta gudu suna jifa daga nesa, wai zamanin dasa dogon mutum a gindin kwando ya wuce. Mai tambayarka ya ce to dogayen fa, ka ce za su jira lokacin da anka buƙace su. Ba ka ambaci sunan Lawali ba, amma kowa a rumfar nan ya juyo ya dube ni. Bawa Guntu na wurin, mutumin garinmu ne, tare munka taso, kuma tun muna yara bai taɓa barin tsawona ya huta ba. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe har birni an gane dogo ba ya da amfani sai wurin kakkaɓo mangwaro. Na tashi ban sayi takin ba.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki fartanya in aje. In tafi bakin titi kamar mai jiran mota, in dawo. Uwar yaron ta ce in na ci gaba da zagaye tsakar gida haka sai na haƙa mata rijiya da ƙafa.

Na biyu, yadda ka ɗauke shi. Ba mu nemi ka ba, Malam. Kai ka tsaya kasuwar albasa ta Aliero za ka sayi kwando ɗaya, ka hangi yaro yana miƙa buhu bisa mota ba tare da ya taka komai ba. Ka bar albasar ka biyo shi har ƙofar gidana. Na ce maka a'a, ka tafi. Ka sake dawowa da kawunsa na Liba, can ƙasar Maiyama, don ka ji ana cewa ina jin nauyinsa. Na tambaye ka wane aiki yaro zai yi maka, ka ce ba komai sai ya tsaya gindin kwando, duk ƙwallon da abokan hamayya sunka jefo ya mayar musu da ita, wadda ta daki allo ta dawo ya cafe. Sannan ka faɗi maganar da ta karya ni. Ka ce, "Baba, tsawon nan da kuke gani kamar wahala, arziki ne Allah Ya ba shi."

Ba ka san wa ka faɗa wa haka ba. Mu gidanmu tsawo gado ne, kuma ba mu taɓa cin ribarsa ba. Goshina akwai tabon kowace ƙofa ta Alelu. Takalmi sai dai a yanka mini na taya a Maiyama, don na kasuwa ba ya shiga. A mota a ce in biya na mutum biyu ko in naɗe ƙafa kamar tabarma. Duk wannan wasa ne a kan dashen albasa. Aiki ne na duƙe daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kana tsirawa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Gajere ya tsuguna ya yi ta tafiya kamar kwaɗo, dogo kuwa sai ya ninke biyu, kafin azahar bayansa ya zama wuta. Na ga Lawali yana tashi daga fangali, wato kwamin da ake dashen a ciki, yana dafe ƙugu tun bai yi gemu ba, yadda na ga babana yana yi. Kai ne mutum na farko da ya shigo gidan nan ya ce abin nan yana da rana. Shi ya sa na kira maƙwabta biyu da kawunsa, na ɗora hannun yaro bisa naka na ce amana.

A wurinmu wanda ya karɓi amana a bakin ƙofa, in ya gama da ita, bakin ƙofar yake maido ta. Ba a aje ta bisa benci a sanar a rediyo.

Na uku, kuma nan ne gaggawar take, maganar fadama. Ina da ɗan yanki a kwari, shi ne abin da babana ya bar mini mai daraja, shi ne kuma abin da zan bar wa Lawali. Da ka tafi da shi babu mai duƙa mini, sauran 'ya'yana mata ne suna gidajensu. Sai na ba Bawa Guntu aro, don gonarsa ce ke maƙwabtaka da ita. Rani biyu ke nan yana ci. A na biyun, ba da shawarata ba, ya haƙa rijiya a ciki ya kafa injinsa na ban ruwa. Yanzu yara in an aike su cewa suke yi fadamar Bawa.

Kai ɗan birni ne, ƙila ba ka san yadda aron gona yake ba. Mai gona in zai karɓi abinsa, sai ya yi magana kafin mai aro ya kai taki ya ja fangali. In jakunansa sunka riga sunka zubar da taki, shi ke nan, ranin nan nasa ne, ko gaban mai gari kunka je haka za a ce maka. In kuwa ya haɗa rani uku da rijiya a ciki, karɓarta sai da shari'a da ɓacin zumunci, wani lokaci ma sai ta gagari 'ya'yanka bayan ranka. Na ga an yi haka a Gehuru, masu gonar na nan suna ƙwadago a cikinta. Bawa ya fara tara taki a bayan gidansa. Kullum in munka haɗu masallaci sai ya tambaye ni, da murmushin nan nasa, ko ɗan wasanmu zai dawo ne bana ko ya ci gaba.

Me zan ce mishi? In Lawali na da makoma a hannunka, fadama ta tafi, ban damu ba, zan haɗiye dariyar Bawa. In kuwa za ka zaunar da shi ne har shekara ta ƙare sannan ku ce ya tattara jakarsa, to zai dawo ya tarar ba ƙwallo ba gona. Abu biyun nan ba zan yarda ya rasa su a rani ɗaya ba.

Na huɗu. An ce kada in sa baki a tsarin wasa tunda ban san shi ba. To ban sani ba, amma ina da ido. Sau ɗaya anka kai ni gidan kallo a Jega ranar da anka nuna wasanku, na zauna cikin samari da hayaniyarsu. Na ga wani ɗan guntun yaro ya kutso kamar zomo ya jefa, Lawali ya ɗaga hannu kawai ya mayar mishi da ita. Gidan ya ɗauka da ihu, wani ya ce ga babansa nan, sunka yi ta miƙo mini hannu. Na kuma ga cewa ba kowace jifa ke shiga ba, da yawa suna dawowa, kuma mai dogon hannu ke ɗauka. Gajerunka in sun yi jifa daga nesa ta ƙi shiga, wa zai ɗauko musu? Surukina ya ce manyan ƙasashe haka suke yi yanzu, wai jifar nesa ta fi yawan maki, wai dogo ba ya iya bin gajere da gudu. Ƙila haka ne. Ni ma na san ƙaramar albasa ta fi babba jure ajiya, babba ce ke fara ruɓewa a rumfa, ba zan yi maka musu a kan abin da na sani ba. Amma ban taɓa ganin wanda ya cika buhu da ƙanana zalla ya kai Aliero ya dawo yana dariya ba.

Kuma ko da tsarinka ya fi, ba shi ne ƙorafina ba. Ranar da ka zauna bisa tabarmata, ba ka san da gajerun ba ne? Ba a haife su ba? In kana da niyyar sake ra'ayi bayan rani biyu, da ka faɗa, da na ba Bawa aron shekara ɗaya da sharaɗi a gaban shaidu, da ban bar shi ya kafa inji ba.

Lawali bai san da wagga takarda ba, kuma zai ji haushina. Da na kira shi cewa ya yi, "Baba, don Allah ka bar maganar nan, koci ya san abin da yake yi." Ya ce yana tsayawa bayan kowa ya watse yana koyon jifar nesa, wai zai rage jiki ya ƙara gudu. Ka ji fa. Yaron da ka ɗauko saboda tsawonsa yanzu yana neman hanyar zama gajere. Uwarsa ta karɓi wayar, da ta gama ta ce mini muryarsa irin ta ranar da ambaliya ta cinye mana iri ce, yana cewa ba komai alhali da komai. Kada ka huce a kansa. Ni na yi magana, ga ni nan Alelu, ba na ɓuya.

Na biyar, abin da nake nema, kuma ba shi da yawa.

Ka gaya mini gaskiya ko Lawali na cikin waɗanda za su riƙa shiga fili bana, ba shigar minti kaɗan in an riga an ci ku ba. In yana ciki, kalma ɗaya ta isa, ko ta bakin kawunsa.

In ba ya ciki, kuma ka san wata ƙungiya da har yanzu ke son dogon mutum a gindin kwando, ka sake shi ya tafi tun ana ɗauka. Kada ka riƙe shi don gudun kada ya dawo ya tare wa gajerunka hanya. An ce kuna yin haka, ban ce kai ka yi ba.

In duka biyun babu, ka sako shi a mota ka kawo shi da kanka, ka tsaya inda ka tsaya da farko. Maƙwabtan nan biyu suna raye, za a kira su.

Lokaci kuwa ba ni na yanka shi ba. Na zuba irin albasa a bayan gida tun ƙarshen damina, wanda zai ishi fadamar duka, ban san ma dalilin da ya sa na zuba da yawa haka ba. Ya fito, ya yi kore, ya kusa kaurin tsinken tsintsiya. Iri in ya kai dashe ba ya jira, in ya tsufa a wurin sai ganye ba kai. Kullum sai na leƙa shi ya fi a ƙirga, kamar leƙen zai rage mishi sauri. Kafin ya kai, dole in tare jakunan Bawa ko in kauce musu.

In na ji shiru daga gare ka, ga abin da zan yi, don kada ka ce ban faɗa ba. Zan je in ce wa Bawa ya cire injinsa, in duƙa in dasa fadamar da kaina, iyakar inda bayana ya kai ni. Ka sani ni da ake kira Dogo, albasa ta riga ta lanƙwasa ni, yau sai na ɗaga kai nake duban fuskar Bawa Guntu. Ban san ko zan kai ƙarshen fangali ba. Amma gonar za ta kwana da sunan gidanmu, kuma ba zan kira Lawali in ce ya dawo ya duƙa ba. Ba ni na ce mishi tsawonsa arziki ne ba. Wanda ya faɗa shi zai zo ya warware.

Ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya da basira, Ya ba ƙungiyarka nasara da gajerunta da dogayenta, Ya raya maka naka 'ya'yan, Ya kuma haɗa su da masu riƙon amana ranar da za ka ɗora hannunsu bisa na wani. Tabarmar da ka zauna tana nan, furar ma ba ta ƙare ba.

Wassalam.

Umaru Dogo, Alelu, ƙasar Jega.