Ɗan Aiken da Bai Shiga Aji Shida Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikin da ya raba ka da gida. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene da kanta duk da likita ya hana, ta ce wai likitan ko kai ka girme shi, ba zai koya mata tafiya ba. Auta ya samu gurbin karatun da yake nema, yanzu in ka aike shi sai ya fara duba agogo. Maigidana yana gaishe ka da kyau.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Dalilin shi ne, a waya ƙarya nake yi maka. Wata biyar ke nan, duk lokacin da ka tambaye ni labarin mutum-mutumin da ka aiko wa 'yan ajina, sai in ce yara suna ta murna, in yi maza in sako zancen Inna. Gaskiyar magana, Yaya, ko yaro ɗaya cikin arba'in da bakwai bai taɓa shi ba. Na yi musu alkawari kowa sai ya ba shi umarni da hannunsa kafin su bar firamare, kuma ranar Alhamis ɗin da ta wuce suka bar ta.

Ka san yadda abin ya faro. A manhajar kimiyya akwai darasi guda kan yadda ake aika mutum-mutumi inda ɗan Adam ba ya iya zuwa: ƙasan teku, bakin dutse mai aman wuta, da duniyar Mas. A littafinmu layi huɗu ne kacal da hoto ɗaya da ya dushe, ba ka gane ko na'ura ce ko amalanke. Na ƙi yarda in sa su haddace layi huɗu su zubar a jarrabawa. Sai na samo babban kwalin sabulu na huda masa ido ɗaya, muka mayar da ajin wata duniya: benci ya zama dutse, tsintsiya ta zama rami. Yaro ɗaya ya kifa kwalin a kansa, shi ne mutum-mutumin. Wasu yaran su zama masu bincike, su zauna a baranda suna leƙe ta taga, su rubuta umarni a takarda, mai kai saƙo kuma ba ya miƙawa sai ya ƙirga goma, domin na gaya musu saƙo daga nan zuwa can sai ya ɗauki mintoci a hanya. Ranar farko sun kashe mutum-mutumin nan ya fi sau ashirin. Da sun ga bai motsa ba sai su ƙara aika gaba, gaba, gaba, saƙonnin su taru su iso tare, mai kwali ya afka wa benci, aji ya kece da dariya. Da kansu suka gano dokar: ka aika ɗaya, ka jira, ka duba, sannan ka ƙara. Wata yarinya ce ta fara faɗa, 'yar mai gyaran takalmin da ke bakin ƙofar makaranta, wadda muke kira Lauya saboda ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba. Yaran ne kuma suka raɗa wa mutum-mutumin suna Ɗan Aike.

Da na ba ka wannan labari ne ka ce za ka aiko mana na gaske, har na roƙe ka ka saita shi ya riƙa jinkirin daƙiƙa goma kafin ya bi umarni, yadda muka saba. Ranar da ya iso na zauna a tsakar ɗaki ina juya shi kamar jariri: taya shida, dogon wuya, ido ɗaya na kyamara, da rimot mai ɗan gilashi da ke nuna abin da yake gani. Washegari na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Maimakon in wuce da shi aji kai tsaye, tarbiyyar Inna ta motsa, na ce bai kamata abu ya shiga makaranta babba bai gani ba. Na kai wa Hedimasta. Ya jujjuya shi, ya yaba, ya sa maka albarka har sau uku, sannan ya kira masinja ya ce a kawo fenti. Ina tsaye aka rubuta masa lamba a baya, irin wadda ke jikin kujeru da fanka. Ya ce duk abin da ya shigo ta ƙofar nan ya zama kayan makaranta, kayan makaranta masu daraja kuwa a kabad ɗin ofis suke zama. Kabad ɗin mai gilashi ne, a ciki akwai kofunan ƙwallo biyu da madubin duba ƙwayoyin cuta wanda tun da na fara aiki ban ga an fito da shi ba. Ya tura Ɗan Aike tsakaninsu, ya murɗa makulli ya jefa a aljihu.

Babu irin roƙon da ban yi ba. Na ce awa ɗaya, ya ce yara ɓarna gare su. Na ce ni zan riƙe, su dai su faɗi umarni, ya ce a bari a gama gwaji. Aka gama, ya ce a bari baƙi su zo su gan shi yana sabo. Na rubuta a takarda, takardar ta zauna a ƙarƙashin kofin shayinsa har ta yi zobe. Abokan aiki kuwa suka samu abin tsokana, in na shiga ɗakin malamai sai malamin lissafi ya tambaye ni ya fursunan kabad, ko an ba da belinsa. Ina dariya, amma ta ciki na ciki. Yaran sun ji labari, sai suka shiga ƙirƙirar dalilin bi ta ofis, wannan ya je karɓo alli, wancan ya je kai rajista, don dai su leƙa shi ta gilashi. Har jerin sunaye suka tsara da kansu, wa zai fara wa zai biyo, suka manna a bangon aji. Kullum Lauya sai ta tambaye ni yaushe, ni kuma in ce mata an kusa.

Mako uku da suka wuce baƙin suka zo, jami'ai huɗu daga ofishin ilimi. Aka share fili, aka kafa rumfa, aka shimfiɗa wa dogon tebur farin ƙyalle. Ni aka ba Ɗan Aike in yi masa caji a ofis, masinja na tsaye a kaina don kada in gudu da shi. Na ce wa Hedimasta ya bar yarana su nuna, sun fi kowa sanin kansa. Ya ce kayan makarantarsu sun koɗe, wasu ma silifas ne a ƙafarsu, ba za a jera su gaban manya ba, shi da kansa zai tuƙa. Na ce to a sa shi a ƙasa, kuma ya sani yana jinkiri, in ya danna sau ɗaya ya jira. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce yana tuƙa mota tun ina rarrafe, ba ni zan koya masa abin wasan yara ba. Na ja bakina na yi shiru, kuma wannan shirun ina lissafa shi cikin laifina.

Aka zaunar da 'yan aji shida can baya cikin rana, a bayan igiya. Hedimasta ya yi dogon jawabi kan yadda makarantarsa ta rungumi zamani, ya ɗora Ɗan Aike a kan tebur, ya danna gaba. Bai motsa ba. Ya sake dannawa, ya yi wa baƙi murmushi, ya sake, ya bubbuga rimot ɗin a tafin hannu, ya danna har sau shida ko bakwai. Ina tsaye kusa da yarana, sai na ji suna ƙirgawa a hankali, bakwai, takwas, tara, yadda muke yi a aji. Lauya ta rufe fuska da hannu tun kafin komai ya faru. A na goma Ɗan Aike ya tashi, ya bi umarnin nan duka ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda aka ba shi, ya wuce kwalaben ruwan baƙi, ya kai ƙarshen tebur ya faɗo kan siminti. Wuyan ya karye, idon ya tarwatse, tayoyin suka ci gaba da juyawa a sama. Ko yaro ɗaya bai yi dariya ba, su da suke dariya har da hawaye in mai kwali ya yi karo.

Sauran labarin ba sai na faɗa ba, amma bari in faɗa. Kafin baƙi su shiga mota an gama yanke hukunci: na'urar ce mai matsala, gwanjo ce aka aiko, ni kuma na ɓoye aibinta don in kunyata shugabana. Washegari aka ba ni takardar tuhuma in amsa cikin kwana biyu. Na rubuta gaskiya tsaf, aka ce amsar akwai rashin ladabi. Zango mai zuwa an mayar da ni aji ɗaya, malamin motsa jiki ne zai karɓi kimiyya. Na nemi a ba ni gawar Ɗan Aike in kai wa mai gyaran waya ko zai iya wani abu, aka ce kayan makaranta ba sa fita sai da izini. An tattara shi a leda an mayar da shi kabad. Wannan duk bai ƙona mini rai yadda za ka zata ba, shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, fatar ta yi kauri.

Abin da ya hana ni sukuni ranar Alhamis ya faru. Bayan an raba sakamako na tsayar da su a aji, na ce ina neman afuwarsu, na yi alkawari ban cika ba. Na shirya jin ƙorafi, wallahi da sun yi fushi da na ji sanyi. Sai Lauya ta ɗaga hannu yadda ta saba, ta miƙe ta ce, "Malama, kada ki damu. Dama irin waɗannan abubuwan ba don irinmu ake yin su ba." Ba da gatse ta faɗa ba, Yaya, lallashina take yi. Sauran suka gyaɗa kai, har wani daga baya ya ce gaskiya ne. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, na rasa hujja ko ɗaya da zan ba yarinyar da ta ga komai da idonta. Shekara guda ina gaya musu masu aika na'ura wata duniya mutane ne kamarsu, su ma a benci suka fara, kuma wata rana ɗayansu zai iya zama a kujerar nan. Ga darasin da suka fita da shi daga hannuna. Suka gaishe ni ɗaya bayan ɗaya suka tafi, na zauna ni kaɗai har maigadi ya zo rufe tagogi.

Na san halinka, kana gama karantawa za ka ce za ka aiko da wani. Kada ka aiko. Ka dai yafe mini ƙaryar da na yi maka, da wahalarka da ta tafi a banza. Waɗannan sun riga sun tafi, ko na'ura ɗari ka aiko ba za ta same su ba, ni kuma ban san da wane baki zan sake tsayawa gaban yara in yi musu alkawarin wani abu ba.

Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan Gimbiya da Ƙaramin Baba, in ka haɗu da Kawu mai agogo ka isar masa da gaisuwata. Goggo da Auta da 'ya'yana duk suna gaishe ku. Inna ba ta san komai ba. Har yau tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya aiko wa 'ya'yan talakawa na'urar karatu, wata rana a cikinsu za a samu masu zuwa sama. Don Allah in kun yi waya ka bar ta a haka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai Alli