Wasan Yaya a Gonar Shinkafa

Daren Laraba, Kiru

Na zo gida yau in kwashi kaset-kaset ɗin marigayi Yaya Nasiru, waɗanda tsohuwar kwamfutarsa ke karanto wasannin gem daga cikinsu. Na samu manhajar da ke kwaikwayon irin kwamfutar, saura in naɗi sautinsu in adana. Har da wasan da ya rubuta da kansa, na makiyayi mai tsallaka kogi da shanu. Babu kwafinsa ko'ina.

Na tarar da kwalin da ake ajiye su wayam.

Kawu Sale ya ce, "Ai sun lalace, ɗana. Na sa a rediyo, ba wa'azi ba waƙa, sai ƙiiii kamar kukan gyare. Amma ban yar ba, zo ka gani."

Wannan ƙiiii ɗin fa shi ne wasan, shi kwamfutar ke karantawa!

Ya kai ni gonar shinkafarsa. Ashe ya zare zarensu kaf, ya ɗaɗɗaura a sanduna don korar tsuntsaye. Ga su can suna ta walƙiya a rana.

"Bana ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba," in ji shi, yana murmushi. "Allah ya jiƙan Nasiru."

Na ce amin.