Takardar Jidda Ba Ta Da Aibu, Furera

Riruwai,
14 ga Agusta, 1993.

Zuwa ga Furera, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ƙoramar da ba ta ƙafewa ko da bazara ta kai maƙura.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa har ya rame, da fatan kina lafiya, ke da Inna da Baffa Dikko da dukan mutanen Badafi. Yaya damina? Yaya ɗalibanki? Mu a nan yau kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba. Gajimare ya sauko ya lulluɓe duwatsun Riruwai, mutum ba ya hango ko bakin gonarsa, kuma wallahi yadda garin yake haka cikina yake.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, ya abar ƙaunata, domin abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne. Guntuwar takardar nan da na ba Lado direba ya kawo miki, wadda na ce kada ki sa hannu a aikin Jidda saboda zamba ce, ƙarya na yi miki. Ƙarya ce tsagwaronta. Lokacin da na rubuta ta ban binciki komai ba, ban tambayi kowa ba, ban ga aibu ko ɗaya ba.

Kin tuna yadda aka yi. Mako uku da suka wuce, a zauren gidanku, kika miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa cike da murna. Kika ce Yaya Ubale, da yake ya daɗe a Jidda, ya samo miki aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta da ke koya wa mata Turanci. Kika ce, "Malam Zailani, kai ne ka yi shekara shida kana karanta takardun yarjejeniya a ofishin kamfanin kuza kafin ya rufe. Ka duba mini. In ka ce in sa hannu zan sa, in ka ce a'a, magana ta mutu." Wayyo Furera! Me ya sa kika ɗora mini wannan? Wa ya taɓa ba makiyayi wuƙa ya ce ya yanke hukunci a kan saniyar da ya fi so?

Na dawo gida na buɗe. Shafi huɗu ne, amma idona bai wuce layi na shida ba, inda aka rubuta shekara uku. Shekara uku! Mu da aka sa mana rana bayan kaka, ni da na riga na yi wa ɗakinki daɓe na sa masa sabon kwano, na dasa gwanda biyu a bayan taga don kin ce kina son ganin kore idan kin tashi. Sai na ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashina. Na ɗauki biro na rubuta abin da na rubuta, na kai tasha da kaina, har ina gaya wa kaina wai kare ki nake yi.

Bayan kwana uku amsarki ta zo. Layi biyu kacal: "Na gode da ka tsare ni. Na ajiye maganar, Allah ya bar mu tare." Da zagina kika yi da na samu sauƙi. Da kin yi gardama, da kin ce a kai wa wani ya sake dubawa, da na samu abin riƙewa. Amma kika yarda nan take, kamar yadda jariri yake sakin jikinsa a hannun mai ɗaukarsa. Tun ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Baba, da ba ya gani yanzu, shi ya fara ganewa. Ya ce muryata ta canza, ya tambaye ni ko na ci amanar wani ne. Na ce mura ce.

Don haka na tashi na tafi bincike, kuma ba zan ɓoye miki ba, na tafi ne ina roƙon Allah ya sa in tarar ƙaryata ta zama gaskiya. Na shiga Kano ranar Litinin. Na bi layi a ofishin waya tun hantsi har aka kira azahar, sannan na samu aka haɗa ni da lambar da ke saman takardar. Na so in ji wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Sai wata mata ta ɗauka, ta yi mini magana da Turanci a natse, ina jiyo muryoyin mata a bayanta suna maimaita darasi. Da na ambaci sunanki ta san ki, ta ce suna jiran amsarki, har ta tambaya ko lafiya aka ji shiru. Na nemi ta ba ni sunan wani ɗan ƙasarmu da ya taɓa aiki da su, ina tsammanin za ta kama kame-kame. Ko kaɗan. Ta ce akwai Hajiya Turai, ta koma gida bara waccan, tana zaune a Bebeji.

Washegari na je Bebeji na yi sallama da ita. Dattijuwa ce mai fara'a, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a soro, ta sa tabarau ta karance takardar nan tsaf. Ta ce abin da aka rubuta haka yake. Albashi ba ya wuce ƙarshen wata, kuma abin da za ki karɓa a wata ɗaya ya fi abin da kike samu a nan cikin shekara, in ma an biya. Mota tana ɗaukar malamai ta maido su. Idan ciwo ya zo, makaranta ce ke kai mutum asibiti. Tikitin jirgi na zuwa da na dawowa duk a wuyansu yake, kuma da yake a gidan Yaya Ubale za ki zauna, ba ki da damuwar masauki ko ta muharrami. Ajin ma ba ya wuce mata goma sha biyar. Ke da kike fama da yara saba'in a ɗakin da rufinsa ke yoyo, kina sayen alli da kuɗinki!

Wuri biyu kawai na ga abin gyara, ita ma ta yarda da ni. Sashe na bakwai bai faɗi yawan awannin aiki ba, cewa kawai ya yi gwargwadon buƙatar makaranta. Kada ki yarda da wannan, a rubuta adadi, in ba haka ba za ki wayi gari kina koyarwa safe da yamma har ranar Alhamis da ake hutu a can. Sai sashe na goma sha ɗaya, da ya ce fasfonki zai zauna a ofishinsu. Ki nemi a rubuta cewa duk ranar da kika buƙace shi za a ba ki, ba tare da sai kin kawo dalili ba. Hajiya ta ce mai makarantar tana karɓar gyara muddin an kawo shi kafin sa hannu. Na buga miki takardar neman gyaran da tafireta, ga ta nan a cikin ambulan tare da takardunki duka. Bayan wannan, na juya shafukan nan gaba da baya kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa, ban samu komai ba. Aikin na gaskiya ne, Furera. Mai kyau ne. Ya dace da ke.

Da na tashi tafiya, Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ne mai neman ta, ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ba sa cutar kowa, ba nan tsoronka yake ba. Ni shekara biyu na je yi, na yi tara. Wanda na bari yana jirana, na dawo na tarar ɗansa na fari yana aji uku. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ban yi nadama ba." Ban san yadda na kai bakin titi ba. Na zauna a gindin wata tsamiya, motoci uku suka wuce ni ban ɗaga hannu ba.

Ya farin watana, kin san ranar da na fara son ki? Ba ranar da kike zato ba ce. Lokacin aikin ƙidaya ne, shekara biyu ke nan ba kaɗan, da aka kwaso mu daga Tudun Wada a bayan akori-kura, ta lalace mana a tsakiyar dajin Falgore. Kowa yana ta mita, ke kuwa kika koma gindin maɗaci kika zauna. Sai ga wata tsohuwa daga rugar da ke kusa, ta zo da kwalbar maganin shanu da aka sayo mata, ba wanda ya iya karanta mata. Kika karɓa, kika karanta Turancin a hankali, kika juya mata shi da Hausa, inda ta kasa ganewa kika haɗa da 'yar Fillancin da kika koya wurin kakarki. Kika ɗauki tsinke kika zana mata a ƙasa, murfi ɗaya na ɗan maraƙi, uku na babbar saniya. Ba ki bar ta ta tafi ba sai da ta maimaita miki sau biyu. Fuskarki a lokacin, Furera! Kamar fadama da safe, kamar ruwan Tiga idan iska ta kwanta. Na ce a raina, wannan an halicce ta ne don ta buɗe wa mutane abin da yake rufe. To yaya aka yi ni da na ga wannan da idona, ni ne na tashi zan rufe miki ƙofa? Wane irin so ne wannan, da zai kama tsuntsuwa ya fige ta don kada ta bar masa reshe?

Da ina da hali da na bi ki, ko da dako zan riƙa yi a bakin teku. Amma bizar taki ce ke kaɗai, kuma kin san Baba. Ni ne idonsa, ni ne sandarsa, ni nake kai shi masallaci in dawo da shi. Ba zan bar shi ba, kamar yadda bai kamata ke ki bar abin da Allah ya buɗe miki saboda ni ba.

Na san ƙaryata ta yi ɓarna a gidanku, domin da ma Baffa Dikko ba ya son tafiyar, ni kuma na ba shi hujja. Shi ya sa shekaranjiya na tare shi a kasuwar shanu, na durƙusa na gaya masa komai a gaban sandarsa. Ya juya yana kallon wani bijimi da ake ciniki. Can ya ce, "Zailani, na ɗauke ka mutumin da ba ya haka." Sai kuma ya ce tunda takarda ba ta da matsala, kuma wurin ɗan'uwanki za ki, shi ya cire bakinsa, magana tana hannunki. Kalmarsa ta farko har yanzu tana ci na kamar gaushi, amma na cancance ta.

Na yi tunanin in roƙe ki a ɗaura aure kafin ki tafi. Na rubuta roƙon sau biyu ina yagewa. Wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin da zai nemi a ɗaure masa ke. Idan ke kika so haka, zan fi kowa murna a ƙasar Kano. Idan kika ce a ɗage sai kin dawo, na ji na bi. Idan kuma kika ce ba za ki iya zama da mutumin da ya yi miki ƙarya a takarda ba, ba zan kai ƙara wurin kowa ba, zan haɗiye in ce ni na jawo. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki ƙi aikin nan don tausayina, kada kuma ki karɓe shi don fushi da ni. Ki auna shi da hankalinki, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Amma kada ki zaci da sauƙi nake faɗa. Ina rubuta miki ki tafi, kowane harafi yana fita da tsokar jikina. Yaya Badafi za ta kasance ranar da zan wuce ban tsaya ba? Wa zai riƙa gyara mini Turancina yana dariya har da hawaye? Masara za ta nuna sau uku a karye ta, shanu su tafi kudu sau uku su dawo, ni ina nan tsakanin duwatsun nan ina leƙa gidan waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Kuma maganar Hajiya Turai ba za ta bar kunnena ba. Wataƙila uku ta zama tara. Wataƙila ki ga duniya ta yi miki faɗi, Riruwai ta koma miki ɗan ƙauyen da kika taɓa sani. Na san da haka, kuma duk da haka ina cewa takardar ba ta da aibu.

Wakilin makarantar da ya zo karɓar takardu zai bar Kano ranar ashirin da biyar ga wata, saboda haka lokaci ya ƙure, kuma ni na cinye miki mako uku a ciki. Ranar Talata mai zuwa zan tsaya a Kwanar Ɗangora tun hantsi, a rumfar mai shayin da ke kallon hanyar Kiru. Idan kin yarda in raka ki, zan kai ki har ƙofar ofishinsa, in tsaya a kan gyaran nan biyu sai an rubuta su a gabana. Idan kuma motarku ta iso kika ce wa direba ya wuce, zan gane, ba zan bi ki ba, zan tsaya in yi miki addu'a har motar ta ɓace.

Ko kin sauka ko ba ki sauka ba, ki sani babu wata bayanki. Ban iya alkawarin cewa ba zan yi kuka ba, amma na yi miki alkawarin ba zan ƙara yi miki ƙarya ba, ko da gaskiyar ita ce za ta raba ni da ke. Allah ya tsare mini ke a ƙasa da sama, ya sa ki samu alheri a duk inda kika sa ƙafa.

Naki jiya da yau, naki har ranar da za a miƙe ni a dama,

Zailani.