Turakan da Baba Ya Ƙera

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya maƙera? Ni lafiya lau nake. Aikin awon hanyar nan dai akwai tafiyar ƙasa, ƙafafuna sun ɗan kumbura, amma kada ka gaya wa Inna.

Turakan alminiyum da ka ƙera mini sun fitar da ni kunya. Da farko abokan aiki dariya suka yi ta yi saboda rashin nauyinsu. Shugabanmu har cewa ya yi, "Da cokula za ka kafa tanti?"

Ranar Talata da la'asar aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Turakansu na ƙarfe tsatsa ta riga ta cinye su, tantuna uku suka tashi sama. Nawa ko gezau bai yi ba. Mu bakwai muka tsugunna a ciki, da na'urar awo da takardun aikin wata biyu, babu abin da ya jiƙe.

Yanzu shugaban yana roƙon ka ƙera masa guda sittin. Na ce sai na tambayi mai sana'ar.

Allah ya ƙara maka nisan kwana.

Ɗanka.